KU TAMBAYI MAKANIKE: "Miliyon 11 gare ni, wace tarakta zan saya in yi huɗar haya?"

Salamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wanga wata kusan duka maganar tarakta ce, kuma ba mamaki tunda bazara ta kama, ƴan bida sun fara komowa gida da ɗan abin da Allah ya hore musu. Na ɗauki guda 3, amma ta farko ce za ta ci mana wuri.

TAMBAYA TA 1

Baba makanike ina gaisuwa, da fatan iyali lahiya lau. Ni ɗan Badegishiri ne, shekara 9 ina bida a Abijan, na saida shayi na tura kaya har Allah ya sa na tara miliyon 11 na sefa. Na gaji da zama nesa da tsohuwata, so nike in komo gida in sayi tarakta ta hannu in dinga yi ma mutane huɗa ana biyana. An nuna min guda 3. Ta ɗaya Massey Ferguson 290 ce a Ƙonni, an yi mata sabon fenti ja jawur, mai ita ya ce daga Ingila ta zo ba ta jima ba. Ta biyu tana Yamai, babba ce mai doki 130 mai ɗaki da gilashi har da kilim, ƙirar 2015, an ce in cika miliyon 11 ɗin in ɗauka. Ta uku ƴar China ce a nan kusa da mu, kontarta ko awa 900 ba ta cika ba amma ta shekara 4 a ajiye ƙarƙashin bedi, ita ta fi araha. Ni dai raina ya biya da ta Yamai. Ƙaƙa ka gani Baba?
— Ɗanka, daga Badegishiri

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, barka da komowa, Allah ya sa albarka ga guminka kuma ya ja kwanan tsohuwa. Zan gaya maka abin da ranka ba ya so tun farko don kar in ɓata maka lokaci: ta Yamai ɗin nan ka cire ta daga ranka. Ba wai don muguwar mota ce ba, a ƙasar da aka yi ta dominta sarauniya ce. Amma taraktocin Turai masu irin wannan ƙarfi da suka fito wajen 2014 zuwa sama galibinsu kwamfuta ke tafiyar da injinsu, nozul ɗinsu, wato bakunan da ke fesa gazuwal cikin inji, da lantarki suke buɗewa, kuma da yawa sai an zuba musu wani ruwa da ake ce ma AdBlue saboda dokar hayaƙi ta can. Gazuwal mai ɗan ruwa ko ƙura, irin wanda za ka sha a jarka a kasuwar ƙauye ranar da na tasha ya yanke, ya isa ya kashe mata nozul, kuma in fitila ta kama a gabanka inji ya rage ƙarfi da kanshi ba makaniken da zai buɗe ta da sifana ya gane ciwon, sai mai kwamfuta, shi kuma yana Yamai wajen kilomita 500 daga gonar da ta mace maka, cikin watan Yuni, mutane 20 sun ba ka abansi suna tsaye bakin gidanku. Sannan ka ce duka miliyon 11 za ta cinye. To da mi za ka sayi garma? Da mi za ka zuba mata mai ranar farko?

Abin da nike gaya ma duk wanda ya zo garejina da irin maganarka shi ne, kafin ka je ganin tarakta ka fara zagaya makanikai da masu saida piyas. Ka shiga Tawa, ka shiga Ƙonni da Madawa, ka tambaya: wace tarakta kuke buɗewa ido rufe? Filtar wace ce ke rataye a shagonku yanzu-yanzu? Faifan ambirayajin wace ce zan samu yau ba sai an yi oda ba? Amsar da suka ba ka ita ce taraktarka. A yankinmu na san abin da za su ce maka, Massey mai injin Perkins, don ita ce ta cika ƙasar tun daga nan har Sakkwato da Kano, abin da ka rasa a Ƙonni ka ƙetara Illela ko ka aika Sakkwato, wanda ya gagara a can akwai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Bayanta sai Fiat da New Holland irin su 480 da 640, su ma suna da mutanensu.

Saboda haka ta Ƙonni ce ya kamata mu zauna a kanta, amma akwai abin da bai yi min ba a zancen mai ita. 290 ƙira ce ta farkon shekarun 1980, doki wajen 80, inji Perkins mai fistan 4. Masana'antar Massey ta garin Kobantiri a Ingila ta daina ƙera tarakta tun 2002. To ko da gaske jiya aka sauke ta daga jirgi, tsohuwa ce da ta girme ka ko ku yi sa'a, kuma mai saida ta ya san haka. Tsufan ba aibi ba ne, injin nan yana da shamiz, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, da ake cirewa a sa sabo, a canza fistan da ringi da metal ya koma kamar ango, shi ya sa har yau suke aiki. Fentin ne ke sa ni tsayawa. Sabon fenti yana rufe tsagewa, yana rufe walda, yana rufe inda mai ke zuba. In ka ga har kan tiyo da wayoyi da ƙusoshin taya an fesa ja, to fenti ne na kasuwa ba na gyara ba. Ka sa hannu ka shafa ƙarƙashin inji da inda inji ya haɗu da buwat, wato akwatin giya, da gindin aksil na gaba, in ka ji tudun walda a jikin ƙarfen zubi ka yi musu sallama, don tarakta ba ta da shasi irin na mota, jikin injin da buwat su ne ƙashin bayanta.

Kuma ka tambaya ko akwai 375 ko 385 a kasuwa kafin ka yanke. Su kamfanin Millat na Lahor a Pakistan ke ƙera su da izinin Massey, doki 75 da 85, ƙirar tsohon yayi ce ba kwamfuta ba komi, amma shekarunsu ba su kai na 290 ba. Wasu makanikai za su ce maka ƙarfen Ingila ya fi, ni ma na yarda ya fi, sai dai ƙarfe mai kyau da ya yi shekara 40 yana huɗa da ƙarfe matsakaici da ya yi 8, lissafin ba a bayyane yake ba, sai an gwada kowace.

Ga yadda ake gwajin. Ka je da makanikenka, kai za ka biya shi kuɗin mota da na wuni, kar ka yarda da makaniken da dillali ya kawo ko da limamin unguwarsu ne. Ku isa da sassafe ba tare da kun faɗi sa'a ba, ka ɗora hannu kan inji, in da ɗumi to an riga an tada ta don kar ka ga yadda take tashi da sanyi, ka ce sai gobe. Inji mai lahiya yana kamawa da makulli nan take. Wadda sai an tura ta ko an gangara da ita ko an shaƙa mata asansi a hanci, kar ka saurari zancen "batir ne kawai", in batir ne a kawo wani a gwada a gabanka. Da ta tashi ka dubi salansa. Ɗan baƙin hayaƙi na farko ba komi. Shuɗi da bai yankewa mai take ci, ringi sun gaji. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi ko nozul ne ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi ƙirin in an taka ta, wani lokaci filtar iska ce kawai ta toshe, wani lokaci pompon da ke tura gazuwal ne. Sai ka buɗe murfin da ake zuba mai tana aiki, ko ka dubi ɗan tiyon numfashi da ke gefen inji, in yana huci yana tofa mai kamar tukunyar da ta tafasa to ka san gyaran inji gaba ɗaya na jiranka, ka sa kuɗinshi cikin ciniki. Ka zaro sandar awon mai, in ka ga ya yi kalar shayi da madara ruwa ya gauraya da shi. Ka buɗe radiyata tun inji na da sanyi, kar ka kuskura ka buɗe da zafi, ka bar ta tana aiki ka duba, in kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinshi, ya ƙone ko kulas ɗin ya tsage.

Kontar awowi kuwa, ka karanta amma kar ka rantse da ita. Waya ɗaya ake cirewa ta tsaya shekara 10. Fedar ambirayaji da ta birki su ba su ƙarya, in zanen kansu ya shafe sun yi sumul kamar dutsen niƙa kuma konta na ce maka awa 2,000, ka san wanda za ka gaskata. Haka ramukan hannuwan baya inda ake rataya garma, in sun zama kamar ƙwai maimakon zagaye ta sha aiki.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne baya, don kowa inji yake saurare. Kai kuma da bayan za ka ci abinci. Ka ce a rataya mata garma mai faifai 3 ta gaske, a ɗaga sama. Ta ɗaga lokaci guda ba da rawar jiki ba? To a kashe inji a bar garmar a sama, ku je ku sha shayi ku komo. In kun iske ta a ƙasa idirolik, wato abin da ke ɗaga garmar da ƙarfin mai, na zuba daga ciki. In kuma tana aiki kana ganin hannuwan suna sauka suna zabura, suna sauka suna zabura, shi ma alama ce. A Massey pompon idirolik yana cikin ciki ƙarƙashin kujerar direba, cikin mai ɗaya yake da buwat, don haka man nan ma ka duba shi. Ka sa a kunna ƙarfen baya mai juyawa, wanda muke ce ma piriz da fors, mai haƙora 6 mai juyi 540 a minti, ka ga yana kamawa kuma yana tsayawa in an kashe, don shi zai juya maka injin sussuka nan gaba. Ambirayaji kuma ka sa babbar giya, ka taka birki, ka saki feda a hankali: in inji ya mutu yana da kyau, in inji ya ci gaba da gudu mota na tsaye to yana sulɓi, kuma canza shi a tarakta sai an raba ta gida biyu, ba aikin bakin hanya ba ne. Ka bi giya ɗaya-ɗaya har da ribas ka ji ko wata na fita da kanta. A ɗaga gaba da jak a girgiza tayoyi. Tayoyin baya ka dube su da idon basira, ba tsawon haƙori kaɗai ba har da tsagewar gefe da rana ke yi, saboda guda 2 sabbi kuɗi ne da zai girgiza ka, ka fara tambayar farashinsu a Ƙonni kafin ka buɗe baki a ciniki.

Bayan duk wannan kar ka biya sai ta yi huɗa a gabanka awa 1 cur a ƙasa mai tauri, kai ka sayi man. Ciwo da yawa sai da zafi yake fitowa: allurar zafi ta hau, idirolik ya yi laushi in mai ya tsinke, ƙarfi ya ragu. Wanda ya ƙi yarda da gwajin nan ya riga ya ba ka amsa. Na taɓa raka wani dattijo ganin wata da ta ci duk jarabawar tsaye, mun kusa ƙirga kuɗi, na nace sai an shiga gona, minti 40 ba a yi ba ruwa ya fara tsiri daga radiyata. Ashe an zuba mata garin toshe yoyo ne da safe. Mai ita ko ido bai iya haɗawa da mu ba.

Takardu ma kar ka yi wasa. Lambar da ke kan ɗan farantin jikinta da wadda aka buga a jikin inji su yi daidai da abin da ke rubuce, takardar duwan ta fito, a rubuta takardar ciniki da shedu a buga hatimi a hukuma. Kusa da iyaka muke, tarakta na ƙetarowa ta daji, wata ta sata ce wata kuma ta gwamnati ce ko ta ƙungiya da wani ya saida ba da izini ba, ranar da aka zo kama ta kai za a iske a kai.

Ita kuma ƴar China ta ƙarƙashin bedi, ban raina ta don ƙasarta ba, China na ƙera masu kyau. Tambayar ita ce mi ya zaunar da ita shekara 4 da awa 900? Ba wanda ke ajiye tarakta mai lahiya damana 4 a jere. Kusan kullum wani ƙaramin abu ne ya lalace aka nema aka rasa. Ka binciko ko mine ne, ka ɗauki sunanta da lambarta ka zagaya shagunan da na gaya maka, in mutum 2 suka ce suna da kayanta to a yi magana, in suka yi ta juya takardar suna kallonka ka bar ta inda take. Kuma zama kanshi ciwo ne ga inji, robobi sun bushe, tanki ya yi tsatsa, pompo ya daskare.

Yanzu bari mu zo ga abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma shi ya fi hana ni barci a kanka. Ka yi lissafin aikin kuwa? Garma mai faifai 3 faɗin da take yanka bai wuce santimita 80 ba. In kana tafiyar kilomita 6 a awa, ka cire juyawa a bakin gona da tsayawa cire saiwa, hekta 1 za ta ci maka kusan awa 3. Wuni guda hekta 3, in an matsa 4. A ce kana amsar jikka 25 a hekta, misali nike ba ka, kai ka san farashin garinku. A ce ta sha lita 20 a hektar, a kan 618 da gwamnati ta ƙayyade litar gazuwal a 2024 ya kama 12,360. Rabi ya tafi ke nan tun ba ka biya direba da yaronshi ba, ba ka yi bidanji ba, wato canjin man inji, wanda duk awa 250 ne kuma a ƙurarmu gara ka yi kafin nan, ba ka ajiye na taya ba. Kwana nawa ake rububin huɗa? Daga ruwan farko zuwa lokacin da kowa ya shuka, in ka samu kwana 30 masu kyau ka gode Allah. Hekta 90 ke nan, abin da zai rage bayan mai miliyon 1 da ɗan kai. Ka ga in huɗar damana kaɗai ka dogara da ita, shekara nawa kafin kuɗinka su komo?

Shi ya sa nike cewa tirela ta fi garma kawo kuɗi a Adar. Garma wata 1 ko 2 take aiki, tirela wata 12. Taki zuwa gonaki da rani, yashi da dutse da birgi na masu gini, kara da harawa bayan girbi, buhunan albasa daga cikin garake zuwa bakin kwalta inda babbar mota ke iya tsayawa, tankin ruwa in ka samu. Kuma Allah ya yi ka a wuri mai kyau, kwarin Badegishiri na ƙofar gidanku, ga Keita, ga Magiya, ga Tarka wajen Madawa, ga Galmi da albasarta ta yi suna har ƙasashen waje, ga filin noman rani na Ƙonni. Masu albasa da alkama da tumatir suna gyaran ƙasa bayan damana wajen Oktoba da Nuwamba, wannan kaka ta biyu ce gare ka, kuma su da kuɗi a hannu suke biya fiye da mai hatsi. In ka ƙara da injin sussukar hatsi da piriz ke juyawa ka samu ta uku. To ka raba miliyon 11 ɗinka tun yanzu: tarakta kar ta wuce kashi 2 cikin 3, sauran garma da tirela da man fara aiki, kuma ka ɓoye aƙalla miliyon 1 da ko tsohuwa ba za ta san inda yake ba, na ranar da za ta lalace ne, kuma za ta lalace.

Wata magana kuma da nike roƙonka da ita don Allah. Za a kira ka huɗar jigawa, kuɗi ne kuma aikin ba wuya, garma na shiga kamar cikin gari. Kar ka nutsa faifai cikin yashi. Ƙasar jigawa ɗan abincinta a sama yake, in ka birkice ta iskar farkon damana ta kwashe, bayan shekara kaɗan mai gonar ya ga hatsinshi na raguwa. Kakanninmu da suke shuka a jigawa ba huɗa ba wauta suka yi ba. In dole ne ka bi da haro, mai karce ƙasa kawai, sama-sama. Kuma ƴan gawo da sabara da kalgo da mutane suka sha wahala suka raya cikin gonakinsu, ka gaya ma direbanka ya kewaye su, kar ya tumɓuke don layi ya miƙe. Garmarka ta fadama ce da laka da faƙo, can ne hannu da shanu suka kasa, can ne kuma za a yi maka addu'a.

Direba: in da hali kai ka koya ka hau abinka, ko da shekarar farko tare da wani gwani. In ka ɗauki direba kar ka biya shi da wata, ka biya shi da hekta, amma kai ke auna gona, wayarka ta isa, akwai manhajojin awon fili da ke aiki da GPS, ka zagaya gonar da ƙafa a gaban mai ita kafin garma ta taɓa ƙasa don "gonata hekta 2 ce" ta bakin manomi sau da yawa 3 ce. Mai kuma kai ke saye, ka bar shi ya kwana cikin tano ƙura da ruwa su kwanta, ka tace da ƙyalle mai tsabta, don pompon Perkins gazuwal ɗin da kanshi ke shafa mishi mai, in an gauraya da kananzir ko ruwa shi ke fara mutuwa. Filtar iska kullum da safe. Bashi kuma zai zo, dangi ne, ba ka iya hanawa duka, amma ko baffanka ne ya kawo kuɗin mai a hannu, ladan aikin ya jira kaka.

Na ƙarshe, kuma wannan na ga gawa a kanshi shi ya sa ba ni gajiya da faɗi: in za ka jawo abu ko ka fidda motar da ta kafe, ka ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa, kar a ɗaura sama da aksil, tarakta na tashi ta kife ta baya kafin ka kai ƙafa ga feda. Ba yaro a kan madigadi. Ba babbar riga ko rawani mai jela kusa da piriz in yana juyawa. In za ka hau kwalta ka haɗe fedojin birki biyu da maƙullinsu. Ka je Ƙonni ka gwada ta, ka rubuto min abin da kuka gani.

TAMBAYA TA 2

Malam barka da aiki. Mu mata ne 32 a ƙungiya a nan Saga, Yamai, muna da filayen shinkafa a cikin aminajima, wato filin ban ruwa da aka gyara, kowace kwata-kwatan hekta. Mun yi adashi muna son sayen tsohuwar tarakta mu yi namu mu yi ma maƙwabta haya. Ka ba mu shawara.
— Shugabar ƙungiya, Yamai

AMSA

Hajiya sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara haɗa kanku. Ni a ganina ba tarakta kuke buƙata ba, motokiltar ce, wato ƙaramar nan mai taya 2 da mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwa. Fili kwatan hekta mai gefuna da hanyoyin ruwa, babbar tarakta rabin lokacinta a juyawa zai ƙare, ta rushe muku gefe, in ƙasa ta jiƙe ta nutse sai an nemo wata ta jawo ta. Motokiltar mai doki 12 zuwa 15 tana shiga cikin ruwa da tayoyin ƙarfe ta dama taɓo yadda dashe ke so, kuma injinta mai fistan 1 ɗan'uwan injin niƙa ne, duk unguwa akwai mai gyaranshi, kayanshi ma ba su wuyar samu a Yamai. Da kuɗin tsohuwar tarakta guda kuna iya samun sabbi fiye da ɗaya, ga shi kuna noma sau 2 a shekara, in ɗaya ta tsaya ɗaya na aiki. Ku fara zama da shugabannin koperatif ɗinku da ma'aikacin ONAHA, hukumar kula da filayen ban ruwa, na wurin don ku san ranar sakin ruwa da tsarin huɗa, kar ku saya ku iske an riga an ba wani aikin filin duka. Ku kuma tambaya a BAGRI, bankin noma, da ɗakin manoma na jiha ko ƙungiya mai takarda irin taku na iya shiga tsarin FISAN, asusun gwamnati na tallafa ma noma. Kuma tun ranar farko mutum ɗaya ke riƙe makulli, wata daban ke riƙe littafi, wata ke riƙe kuɗi.

TAMBAYA TA 3

Baba na ga wata Renault a Facebook wai tana Faransa, Yuro 8,000, mutumin ya ce in tura rabi ya sa ta a jirgi. Hotunan sun yi kyau sosai. In tura?
— Wani matashi, unguwar Wadata, Tawa

AMSA

Kar ka tura ɗana, ko dala. Cinikin biri a sama ke nan, hoton tarakta kowa na iya kwafowa daga shafin wani. Ko da mutumin na gaskiya ne, Yuro 1 sefa 655.957 ne, 8,000 ya haura miliyon 5 da jikka 200 tun tana can, ba jirgi, ba kuɗin tashar ruwa, ba tiransitar, ba duwan, kuma tun da iyakarmu da Benin ta rufe a 2023 kaya da yawa ta Lome suke zagayowa su ratso Burkina, hanya ta ƙara tsawo kuɗi sun ƙaru. Sannan Renault ta saida sashen taraktocinta ga kamfanin Claas na Jamus, tun 2008 ya koma nasu gaba ɗaya, kayan tsofaffin a nan sai an sha wuya. In kana da ɗan'uwa na jini a Faransa da zai je ya ɗora hannu a kanta ya tada ta da sanyi ya kira ka da bidiyo yana tsaye gabanta, to sai mu sake magana. In babu, ka hau mota ka je Ƙonni ranar Laraba ka ga waɗanda za ka iya taɓawa.